Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske ƙwayoyin bakteriya na ɗaure rairayi ya zama dutse?

 Ga mu kuma ɗauke da amsoshin wasiƙunku kamar yadda aka karanta su a rediyo. A wannan mako wasiƙu biyu ne suka zo a kan magana ɗaya, saboda haka za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga wani manomi a yankin Yusufari ta Jihar Yobe. Malamin ya ce ya ji ana hira wai Turawa sun gano waɗansu ƙwayoyin cuta da ake zubawa a kan rairayi sai ya daskare ya zama dutse, wai da su ake son tsare bakin teku. Yana so ya sani ko gaskiya ne ko kuwa zancen teburin mai shayi ne. In kuma gaskiya ne, me zai hana a kawo musu, tunda rairayi ya riga ya binne wani sashe na gonarsa? Ta biyu kuwa daga wani Alhaji ce mai safarar albasa zuwa Legas. Shi tambayarsa ita ce, me ya sa teku ke cin ƙasa, kuma ta yaya tulin rairayi kawai zai iya tare ruwan teku?

To Malam, a taƙaice dai maganar gaskiya ce. Akwai ƙwayoyin, an gwada su, kuma suna ɗaure rairayi. Sai dai aikin na da sharuɗɗa da tsada da kuma illa, ya kamata ka san su kafin ka sa rai. Bari mu fara da tambayar Alhaji, don ita ce tushen maganar.

Aikin tudun rairayi a bakin teku

Alhaji, a ƙasashe da yawa in ka tsaya a bakin teku ka juya baya, za ka ga tudun rairayi ya miƙe kamar ganuwa tsakanin ruwa da gari. Ba mutum ne ya fara gina shi ba. Igiyar ruwa ce ke kawo rairayi ta zube a gaɓa, rana ta busar da shi, iska ta kwashe shi ta yi gaba, in ya tarar da ciyawa sai ya tsaya a gindinta. Ciyawar ta ƙara tsawo, rairayi ya ƙara taruwa, a haka shekara da shekaru har a sami tudu.

Ranar da babbar guguwa ta taso daga teku, iska kan turo ruwa zuwa gaɓa har ya ɗaga sama da yadda aka saba da mita biyu ko uku, wani lokaci ma fiye. Sai igiyar ruwa ta riƙa dukan gindin tudun. Ka san yadda ruwan damina ke cin gindin katangar ƙasa har sama ta rufto? To haka yake. Ruwa ya ƙwaƙule ƙasan tudun, saman ya rushe, igiya ta kwashe, ta sake dawowa. In tudun na da faɗi da tsawo, guguwar za ta wuce kafin ta gama cinye shi, mutanen da ke bayansa su tsira. In kuwa siriri ne sai ruwa ya fasa shi, ruwan gishiri ya shiga gidaje da gonaki da rijiyoyi. Gonar da ta sha ruwan gishiri kuwa takan daɗe ba ta dawo daidai ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ruwan teku na ƙara ɗagawa. Daga shekarar 1901 zuwa 2018 ya ɗaga da kimanin santimita 20 a duniya baki ɗaya. Sai kuma aikin ɗan Adam. A Legas da kake zuwa, tsakanin 1908 da 1912 an gina dogayen shingayen duwatsu a mashigin tashar jiragen ruwa. Shingayen suka tare rairayin da ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas, sai gaɓar Bar Beach ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cin ta shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawowa kan titin Ahmadu Bello. Daga 2008 ne aka shiga aikin cike wurin da gina katon bangon duwatsu na Eko Atlantic.

Inda aka fi damuwa da maganar

Cikin wuraren da aka yi binciken da Malam ya ji labarinsa akwai wata jiha a Amurka da ake kira Karolina ta Arewa. A gaban wannan jiha akwai jerin siraran tsibirai na rairayi zalla, mutane na zaune a kai, hanyar mota guda ɗaya ce ta ratsa yawancinsu. Tun cikin shekarun 1930 gwamnati ta sa matasa marasa aikin yi suka kafa shingaye suka shuka ciyawa don tudun rairayi ya tashi ya kare wurin. Duk da haka teku bai daina matsowa ba.

Ga misali. A tsibirin Hataras akwai wata hasumiya mai fitilar nuna wa jiragen ruwa hanya, tsawonta kusan mita 60, an gama ta a 1870. Lokacin da aka gina ta tana nesa da ruwa da fiye da mita 400. Bayan shekara ɗari sai ga ruwa ya kusa isa gindinta. A 1999 dole aka ɗaga ta ɗungurungum aka ja ta a kan ƙarafa kusan mita 880 zuwa cikin tudu. A watan Satumba na 2003 kuma wata guguwa da aka sa wa suna Isabel ta fasa tsibirin, ta yanke hanya, mutanen ƙauyen Hataras suka koma sai da jirgin ruwa suke fita. Haka nan a watan Oktoba na 2012, da guguwar Sandi ta faɗa wa jihohin Niyu Jasi da Niyu Yok, an lura garuruwan da ke da manyan tudun rairayi a gabansu ba su yi asara kamar waɗanda ba su da shi ba.

Za ka ce to a gina bangon kankare mana a huta. An gwada a wurare da dama. Bango na kare abin da ke bayansa, amma igiyar ruwa in ta doke shi takan kwashe rairayin da ke gabansa, ta kuma ƙara cin gaɓar maƙwabta. Shi ya sa tun 1985 hukumomin Karolina ta Arewa suka hana gina irin wannan bango a bakin tekunsu. Wata dabarar ita ce a ɗebo rairayi daga cikin teku a zuba a gaɓa. Mutanen ƙasar Holan sun ƙware a wannan, don sun ɗanɗana kuɗarsu a 1953, lokacin da ambaliyar teku ta kashe mutum 1,836. A 2011 sun zuba rairayi mita miliyan 21 da rabi na awon ɗaki a wuri ɗaya don ruwa da iska su rarraba shi a gaɓa. Aikin na da kyau amma kuɗi ne masu yawa, kuma bayan 'yan shekaru sai an sake. Shuka ciyawa ita ce mafi araha, sai dai tana bukatar shekaru kafin saiwarta ta kama, guguwa kuwa ba ta jiran kowa. A nan ne masana suka ce, ina ma a sami abin da zai riƙe rairayin kafin ciyawar ta yi ƙarfi.

Su wane ne waɗannan ƙwayoyi?

Malam, ka kira su ƙwayoyin cuta. Mu dai a nan za mu ce ƙwayoyin bakteriya, domin ba dukansu ke kawo cuta ba. Halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In aka jera guda dubu ba za su wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Cokalin shayi ɗaya na ƙasar gona na ɗauke da miliyoyinsu.

Ai kun daɗe kuna aiki da su ba ku sani ba. Su ne ke mayar da madara ta zama nono. Su ne ke nunar da kalwa ta zama daddawa. In ka tuge gyaɗa ko wake za ka ga ƙananan ƙulli a jikin saiwa, to gidajen waɗansu bakteriya ne da ke jawo taki daga iska suna ba shuka, shi ya sa gonar da aka yi wake take yi wa gero daɗi a shekara mai zuwa.

Wadda ake amfani da ita wajen ɗaure rairayi sunanta a bakin masana Sporosarcina pasteurii. Da ana ce mata Bacillus pasteurii, aka sauya a 2001. An sa mata sunan ne don tunawa da Luwis Pasta, masanin nan na ƙasar Faransa. A cikin ƙasa take zaune, musamman inda fitsari ke zuba, kuma ba a san ta da sa wa mutum ko dabba ciwo ba. Gwanintarta ɗaya ce: tana fitar da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda ke farfasa yuriya cikin gaggawa. Yuriya dai ita ce wannan farin takin zamani da kuke saye a buhu mai kilo 50, ita ce kuma ke cikin fitsarin mutum da na dabba. Warin nan mai hawa ka da kake ji a turken awaki ko a makewayi, aikin irin waɗannan ƙwayoyi ne, suna farfasa yuriyar fitsari tana fitar da iskar amoniya.

Yadda rairayi ke ɗauruwa

Kayan aikin uku ne. Na ɗaya ƙwayoyin, waɗanda ake renonsu a cikin tanki har su yi yawa. Na biyu yuriya. Na uku wani gishiri mai suna kalsiyam kulorayid. Za a fara fesa ruwan ƙwayoyin a kan rairayi ya nutse, a ba su sa'o'i su manne a jikin tsabar rairayin. Daga nan a bi da ruwan da aka narkar da yuriya da gishirin kalsiyam a ciki.

Da ƙwayoyin sun sami yuriya sai su raba ta gida biyu: amoniya da kuma wani sinadari da ake kira kabonet. Shi kabonet da ya haɗu da kalsiyam sai su dunƙule su zama farin abu mai tauri wanda ba ya narkewa da sauƙi. Wannan farin abu kun san shi sarai. Shi ne ɓawon ƙwai, shi ne gidan katantanwa da wuri, shi ne farin da ke kamawa a cikin butar shayi in ruwan rijiyarku mai nauyi ne. Shi ne kuma dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza ta Nijar ana yin siminti da shi.

Abin lura shi ne inda farin abin ke taruwa. Yakan fi kamawa ne a daidai inda tsabar rairayi ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta, ya zama kamar gada tsakaninsu. Ramukan da ke tsakanin tsabar ba sa toshewa gaba ɗaya, saboda haka ruwan sama na iya shiga ya wuce. Kwatanta shi da alkaki ko ƙwallon gyaɗa da aka haɗa da sukari: kowace ƙwaya na nan yadda take, amma sun riƙe juna. In an yi feshi sau kaɗan, sai a sami rairayi mai ɗan riƙo wanda za ka iya murƙushewa da hannu. In an maimaita sau da yawa, sai ya zama dutse sosai wanda sai da guduma.

Wannan ba baƙon abu ba ne a halitta. A gaɓar tekun ƙasashe masu zafi ana samun duwatsun da asalinsu rairayi ne da irin wannan farin abu ya haɗe a hankali. Abin da masana suka yi shi ne gaggauta aikin, ya zama na kwanaki.

Inda aka gwada

A 2004 wata masaniya mai suna Victoria Whiffin ta kammala digirinta na uku a Jami'ar Murdoch ta ƙasar Ostareliya a kan yin siminti da waɗannan ƙwayoyi. A 2006 Farfesa Jason DeJong na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da ya nuna rairayin da aka yi wa haka na ƙara ƙarfi. A Holan kuma, Leon van Paassen da 'yan'uwansa masana na Jami'ar Delf suka cika wani ƙaton akwati da rairayi mita 100 na awon ɗaki, kamar lodin manyan tifa goma ke nan, suka ɗura masa ƙwayoyin da ruwan haɗin. Cikin kimanin mako biyu wani babban sashe ya zama dutse. Sun buga sakamakon a 2010. A wannan shekarar dai aka yi amfani da dabarar a wani aikin shimfiɗa bututun gas a Holan, don ɗaure tsakuwa kada ramin da ake haƙawa ya rufta.

Maganar bakin teku kuwa, Farfesa Brina Montoya ta Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa na cikin waɗanda suka ja gaba. Daga 2014 ita da ɗalibanta suka fara buga sakamakon gwajin da suka yi da rairayin gaɓa. Sukan gina ɗan ƙaramin tudu a cikin tankin ruwa mai injin tayar da igiya, ɗaya a yi masa feshin ƙwayoyin, ɗaya a bar shi haka, sannan a sakar musu ruwa. Wanda aka yi wa feshi ya fi jure dukan igiya, kuma yana iya tsayawa a tsaye ba tare da ya zube ba.

Su masu wannan bincike ba so suke tudun ya zama kankare ba. In ya yi tauri da yawa, ciyawa ba za ta iya soka saiwa ba, ƙaguwa da sauran ƙananan halittu ba za su iya haƙa rami ba, kunkurun teku da ke fitowa ya binne ƙwansa a rairayi shi ma ya rasa wuri. Ban da haka tudu mai tauri zai koma yin irin ɓarnar da bangon kankare ke yi. Abin da ake nema shi ne matsakaici: riƙon da zai rage saurin zaizaya a daren guguwa, amma ciyawa ta ci gaba da tsirowa.

An kuma gano ba lallai sai an kawo ƙwayoyin daga ɗakin bincike ba. Sau da yawa akwai danginsu a cikin ƙasar wurin. In aka zuba musu abinci da yuriya sai su yawaita su yi aikin da kansu. Waɗansu masanan ma sun ajiye ƙwayoyin gefe, suna tatso sinadarin yuriyes kai tsaye daga tsirrai, don akwai shi a cikin waken suya da 'ya'yan kankana.

Matsalolin da ke tattare da aikin

Ta farko ita ce amoniya. Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Don a sami kilo 100 na wannan farin dutse a cikin rairayi, ana bukatar kilo 60 na yuriya da kilo 111 na gishirin kalsiyam, in har komai ya tafi daidai ba a yi asara ba. Abin da zai rage a matsayin shara kuwa shi ne kusan kilo 107 na gishirin amoniya. Watau sharar ta fi dutsen nauyi. In ta gangara cikin teku ko tafki tana iya kashe kifi, ta kuma sa gansakuka ya yi yawa. In ta nutse ƙasa takan rikiɗe ta zama sinadarin naitiret ta shiga ruwan rijiya, wanda ke da haɗari musamman ga jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. A aikin bututun gas na Holan sai da aka zuƙe ruwan da ke ƙarƙashin wurin aka kai shi matatar ruwa.

Ta biyu tsada. Kai da kanka ka san kuɗin buhun yuriya a kasuwa. To ka ƙiyasta buhu nawa za a zuba a tudu mai tsawon kilomita goma, ga gishirin kalsiyam, ga abincin ƙwayoyin, ga tankuna da injin feshi da ma'aikata, ga ruwa mai yawa.

Ta uku rashin daidaito. Inda ruwan haɗin ya fara sauka ya fi ɗauruwa, har yakan toshe hanya ya hana na ƙasa samu. Sai a sami ɓawo mai tauri a sama, ƙasa kuwa rairayi ne sako-sako. In igiya ta sami kafa ta ƙwaƙule ƙasan, ɓawon zai karye ya rufta. Haka nan ƙafar mutane da ta dabbobi da tayar mota na fasa shi.

Saboda waɗannan dalilai, dabarar ba ta maye gurbin zuba rairayi da shuka ciyawa ba. Yawancin aikin da aka yi a kan tudun bakin teku gwaji ne a ɗakin bincike da tankunan igiya da ƙananan filaye.

Ko za ta yi aiki a Yusufari?

To Malam, ga taka. Ka sani ba kai ne na farko da ya yi wannan tunani ba. A 2008 wani ɗalibin zanen gine-gine ɗan ƙasar Suwidin mai suna Magnus Larsson ya ci kyauta da wani tsari da ya zana, inda ya ɗauki yankin Sakkwato a matsayin misali. Shawararsa ita ce a yi amfani da waɗannan ƙwayoyi a daskarar da rairayi a yi bango mai tsawon kilomita 6,000 daga yammacin Afirka zuwa gabas, ya tallafa wa shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ya yi jawabi a kai a Ingila a 2009, duniya ta yi ta magana. Amma tsarin a takarda ya tsaya, ba a gina shi ba.

A ƙasar Sin an fita daga takarda. A 2021 masana sun buga sakamakon gwajin da suka yi a hamadar Ulan Buh, inda suka fesa ƙwayoyin a kan rairayi aka sami ɓawo mai kamar kaurin yatsa, ya kuma hana iska kwasar rairayin. Ka ga ke nan a hamada ma abin na yiwuwa, kuma ta wani fanni ya fi sauƙi, domin iska ba ta da nauyin dukan igiyar teku, siririn ɓawo ya isa.

Sai dai ka duba halin da kuke ciki. Abin da aikin ya fi ci shi ne ruwa da yuriya, su ne kuwa suka fi ƙaranci a wurinku. Sannan kwarurrukan da kuke noman dabino da kayan lambu ruwansu a kusa yake, sharar amoniya ba za ta daɗe ba za ta isa rijiya. Ga dabbobi da ke ratsa tudun safe da yamma, za su farfasa ɓawon. Kuma ɓawo ba ya hana sabon rairayi zuwa daga gabas ya hau kansa. Saboda haka kada ka ɗebi takin da ka saya don gero ka narkar ka zuba a kan tudu, asara za ka yi. In kuma wani ya zo kasuwarku da jarka yana cewa maganin daskarar da rairayi ne daga Turai, riƙe kuɗinka.

Abin da aka tabbatar yana aiki a ƙasa irin taku shi ne shinge da shuka. Maƙwabtanku na Gudumariya da Maine Sorowa a Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna yi. Ana kafa shingen kaba ko rassan itatuwan daji ko karan gero a gicciye da hanyar iska, a kuma raba jikin tudun gida-gida kamar ɗakunan dara. Shingen ba ya bukatar ya toshe ƙiƙam, gara ya zama mai ɗan huji, don iska ta rage gudu ta ajiye rairayin maimakon ta tuge shi. Da damina ta faɗi sai a dasa itatuwa masu jure fari a cikin ɗakunan, a watsa irin ciyawa, a kuma hana dabbobi shiga har shekara biyu ko uku. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai mai gari da makiyaya da manoma sun zauna sun yarda. Mutanen Sin ma da irin wannan dabara ta ɗakunan dara, da tattakar alkama, suka kare hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa hamada a Shapotu tun 1958. A kwarin Majiya ta jihar Tawa kuwa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun rage wa gonaki dukan iska.

Wani amfani da za ka ɗauka yau

Kafin mu rufe, ga abin da wannan bayani zai amfane ku da shi tun daminar bana. Mun ce ƙwayoyin da ke cikin ƙasa na farfasa yuriya su fitar da amoniya, ita kuwa amoniya iska ce. To in ka watsa takin yuriya a saman ƙasa ka tafi, ga zafin rana, ga ɗan danshi, ƙwayoyin za su farfasa shi a nan sama, wani kaso na ƙarfin takin ya bi iska. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata abincin shuka ne, shi ka biya kuɗi ka saya. Don haka ka tona ɗan rami kamar tsawon yatsa, nesa da gindin shuka da kamar faɗin tafin hannu, ka zuba ka rufe da ƙasa, lokacin da ƙasar ke da laima. In an rufe, amoniyar za ta maƙale a ƙasa saiwa ta sha. Haka nan takin turke, in an tara shi an rufe a inuwa ya fi wanda aka baza rana na dukansa ƙarfi.

Alhaji da Malam, muna fata kun gamsu. Sauran masu sauraro kuma, duk mai tambaya a kan noma ko kiwo ko kasuwa ko wani abin mamaki da ya ji, ya rubuto mana, ya kuma faɗi garinsu da irin ƙasar da yake nomawa don amsar ta dace da shi.